Kora, yajin aiki da giɓin kasafi: laccar da aka yi wa ma'aikata a Kaduna

Wani dattijo ne tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ya yi wannan laccar a wani zaman ma'aikata a nan Kaduna. Daga rikodin ɗin waya na kwafo ta, na cire gaishe-gaishe da wuraren da ƙarar janareto ta hana a ji.

Toh 'yan uwa ma'aikata, iyayenmu mata da ke can baya kuna ji na ko? Madalla. Shugaban taro, ranka ya daɗe, ka ce minti ashirin, zan yi ƙoƙari, amma ka san tsoho da lasifika.

Ni a Kakuri na taso, lokacin da in an tashi aiki a masaƙa titi ba ya ɗaukar mutane don yawan kekuna. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, kuma mun ga mutanen da suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Don haka in ana maganar kora, na san kamanninta, na san yadda maigida ke fita da safe kamar zai je aiki ya je ya zauna gindin bishiya don kar yara su gane.

Amma yau ba kuka na zo mu yi ba, lissafi na zo mu yi, don wallahi a nan ake cin mu.

A watan Afrilun 2021, ana gab da azumi, aka raba wa ma'aikatan ƙananan hukumomi wajen 4,000 takardar sallama. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fito da hujjarta, ta ce a watan Maris na shekarar ta karɓi kusan naira biliyan 4.8 daga asusun tarayya, albashi kaɗai ya cinye kusan biliyan 4.5, wato kashi 93 cikin ɗari, ta ce ba za ta riƙe ma'aikata 'yan tsiraru ta bar miliyoyin talakawa ba hanya ba asibiti ba. Ku faɗa min gaskiya, in kai manomi ne a Giwa ko Kubau ka ji wannan a rediyo, bayan wa za ka bi?

Amma amsar wannan hujja tana nan a takardunsu. Kuɗin Abuja ba su kaɗai ne kuɗin jiha ba, a 2020 harajin da Kaduna ta tara a cikin gida ya haura biliyan 50, kuma gwamnati da bakinta take alfahari da shi. To don me za a auna albashi da aljihu ɗaya a ɓoye ɗayan? Wannan tambayar ya kamata a ce kowane sakataren reshe ya haddace ta kamar karatun allo. Mu kuwa mun fi ƙwarewa a waƙa da ɗaga kwali.

Yajin aikin ya zo, 17 ga Mayu, kwana huɗu bayan ƙaramar sallah, Kwamared Ayuba Wabba, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a lokacin, da kansa ya zo. Aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, bankuna a rufe, gwamna ya ce ana neman Wabba ruwa a jallo (dariya), a rana ta uku aka janye saboda ministan ƙwadago na lokacin Chris Ngige ya kira zama a Abuja. Mun nuna ƙarfi, ba ƙarya. Sai dai duk wannan ƙarfin mun nuna shi ne bayan takardu sun riga sun shiga hannun mutane, ihu bayan hari kenan. Ita kuma mai sayar da ƙanƙara a Tudun Wada da ta kwana uku ba wuta, ba lallai ta sa mana albarka ba.

Haka aka yi da malamai a 2017, aka yi jarrabawa aka ce 21,780 sun faɗi, ƙungiyar malamai NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018 ta dawo, korar na nan. A 2022 aka sake sallamar 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa a ciki. Ni ban ce kowane malami ya cancanta ba, kar wani ya je ya ce na faɗa, akwai waɗanda ɗan siyasa ne ya ba su aikin a bayan katin biki. Laifinmu shi ne mun san da su muka yi gum, har wani ya zo ya haɗa su da na kirki ya share.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. An yi korar, giɓin ya rufe? A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya tsaya gaban jama'a ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba, ya ce a cikin biliyan 10 da aka turo wa jiha a watan, biliyan 7 bashi ya tafi da su, saura 3, albashi kuma biliyan 5.2 ne. Masu goyon bayan tsohuwar gwamnati suna da nasu bayanin, wannan rigimar 'yan siyasa ce ba tawa ba. Abin da ya dame ni shi ne bashin na dala ne. Da aka ci shi dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, da aka saki naira a Yunin 2023 kafin a ankara ta haura 1,500, bashin ya ninka uku a lissafin naira ba tare da an ƙara ciyo ko sisi ba. To masinja nawa za ka kora, mai shara nawa, kafin ka cike wannan ramin?

Sai maganar sassauci, wadda matasanmu ba sa son ji, da ka ambata sai a ce an sayi tsoho. 'Ya'yana, ba ƙungiyar da ba ta taɓa ja da baya ba. A Osun an yi shekaru ana biyan manyan ma'aikata rabin albashi tun daga 2015, aka ce za a biya sauran daga baya, gwamnan ya sauka bashin na nan. A nan gida lokacin korona a 2020 an yanke kashi 25 na albashin masu ɗan kauri. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma fa sai in zai dawo ya yi karo. Duk abin da za ku bari ku sa masa farashi a rubuce. Za a jinkirta ƙarin girma? Na wata nawa, kuma ran nawa ga wata za a biya ariyas? Za a dakatar da ɗaukar sababbi? To a sa hannu ba kora a tsawon lokacin. In kuma ya zama dole wasu su tafi, a fara da masu son tafiya da kansu, giratuti ya shiga asusun mutum kafin takarda ta shiga hannunsa, ba a ce masa jeka ka dawo ba har takalminsa ya cinye. Kuma a fara yankan daga sama, masu ba da shawara na musamman da jerin gwanon motoci, in talaka ya ga haka shi da kansa zai tsaya mana.

Wani abu kuma, Kaduna ce jihar farko da ta fara biyan mafi ƙarancin albashi na 30,000 a Satumban 2019, muka yi ta murna, bayan shekara ɗaya da rabi takardu suka fito. Yanzu an ce 72,000. Alhamdulillahi, amma wa ya zauna a cikinmu ya duba daga ina kuɗin za su fito shekara mai zuwa? Kasafin jiha ba sirri ba ne, a intanet yake, ana kai shi majalisa a ƙarshen shekara, ana taron jin ra'ayin jama'a. Wanda ya taɓa buɗe shi ya ɗaga hannu. Ɗaya, biyu. Hajiya ke ma? Uku kenan, a ɗakin da ya cika maƙil.

To ku ukun nan ku tsaya bayan an tashi, shugaba a ba su kuɗin data da na buga takarda, kafin kasafi na gaba ya isa majalisa ina so su kawo mana shafi biyu kacal da Hausa: nawa ne albashi, nawa ne biyan bashi, nawa ne na ofishin manya. Ga shi an fara kiran la'asar, masu tambaya a riƙe sai mun idar.