Yara 25 aka ce, to wa ya taɓa ƙirga 'yan rabin aji?

Masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. Yau kam sai kun yi haƙuri da ni don da ɗan zafina na shigo, kuma ba komai ya jawo ba illa aiken da ƙanwata ta yi min makon jiya, ta ce don Allah Yaya ka biya makaranta ka ɗauko min yarinya yau jikina ba daɗi. Firamaren gwamnati ce a nan cikin birnin Kano, ba zan kama suna ba saboda ba laifin hedimasta ba ne balle malamai. Yarinyar 'yar rabin aji ce, shekararta biyar. Na isa ba a kai ga tashi ba sai na tsaya bakin taga na fara ƙirga kawuna, wallahi da na haura tamanin sai na haƙura, ƙirgar ta ƙi yiwuwa don ba wanda ke zaune wuri ɗaya. Malama ɗaya tal. Ba benci, tabarma biyu ce duk ta yage, sauran suna kan fasasshen siminti, wannan na kuka, wancan ya jiƙa wando, wasu biyu na kokawa a kan murfin kwalba, ita kuma baiwar Allah murya ta dishe tana ta bugun allo da tsumagiya ko Allah ya sa na baya su san tana magana.

To jama'a ba ni na ƙirƙiro lissafin ba. Kundin tsarin ilimi na ƙasa, bugun 2013, shi ya shigo da shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wato rabin aji, a matsayin wani ɓangare na ilimin tilas, kuma shi ya rubuta ƙarara cewa a wannan ajin malami ɗaya yara 25, a firamare kuma malami ɗaya yara 35. Ashirin da biyar fa. Gwamnati ce ta rubuta da hannunta, ba wanda ya sa mata wuƙa a wuya. Ke nan ajin da na gani na malamai huɗu ne aka jibga wa mace ɗaya, sannan gobe idan yaro ya kai aji huɗu bai iya rubuta sunansa ba ita za a fara zagi a ce malaman gwamnati ba sa koyarwa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne duk lokacin da jami'i ya zo gaban makirfo maganar rijista yake yi. Mun shigar da yara kaza, mun dawo da yara kaza daga titi, a tafa a watse. Madalla, ban ƙi ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, yara suka yi ta kwarara, yaya ya taho riƙe da hannun ƙani. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ce ilimi kyauta ne kuma dole. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama, kuma an ware wa ilimi wajen kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗi, wannan a yaba. Amma a duk waɗannan bukukuwan ku gaya min ranar da wani ya fito ya ce ga adadin yaran da ke gaban malama ɗaya a rabin aji a Dala, ga na Gwale, ga na Nasarawa, ga na Ungogo da Kumbotso inda unguwanni ke tsirowa kullum kamar naman kaza. Lambar rijista ana yawo da ita a fasta, lambar 25 kuwa an kulle ta a durowa.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta: da babu gara ba daɗi, gara yaro ya shiga ajin cunkoso da ya yi yawon kwararo. Haba. Wa ya ce zaɓin biyu ne kawai? Wanda ke faɗar haka ku bincika inda nasa ɗan yake, za ku same shi a makarantar kuɗi, aji mai fanka, yara ba su cika ashirin ba, ga malama ga nani mai kai su banɗaki. Ba daɗin na 'ya'yan wasu ne. Sai kuma masu cewa ai mu ma a haka muka yi karatu muka zama mutane. Ko da gaske ne haka ajinku yake, kai da ka tsira kake magana, sauran da kuka zauna tabarma ɗaya suka fita ba ko harafi ba wanda ya ba su makirfo.

Mu yi lissafi a tsanake. A ce rabin aji suna shiga ƙarfe 8 su tashi 12, minti 240 ke nan. Raba wa yara 80, kowa minti uku. Cire taron safe, cire kiran suna, cire rabon faɗa da lallashi da wanke wanda ya ɓata jiki, me ya rage? Ɗan shekara biyar ba ɗan jami'a ba ne da za a tsaya gaban allo a yi masa lacca ya kwafa. Shi sai an kama hannunsa an nuna masa riƙon fensir, sai an kira sunansa, sai an lura cewa wannan ba ya ji sosai, waccan idonta ba ya hango allo, wancan bai karya ba ya fito. A cikin tamanin wa zai lura? Yaron da ba ya ji sai a ce daƙiƙi ne, sunan ya bi shi har ya gudu daga makarantar.

Kuma ba zato ba ne, an gwada. A jihar Tenesi ta Amurka daga 1985 zuwa 1989 an yi wani gwaji mai suna STAR, aka rarraba dubban yara tun daga ajin share fage, wasu a aji mai mutum 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25. Na ƙaramin ajin suka fi a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi su suka fi cin moriyar. Ku lura fa, abin da su suke kira babban aji shi ne 25 ɗin da mu muke roƙo.

Na yarda cewa rage yawan yara kaɗai ba zai mai da malamin da bai iya ba ya iya, kuma na yarda akwai tsada, don aji ɗaya ya koma huɗu sai gini sai albashi duk wata. Amma kar a ce min babu hanya. Tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ake ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya don ilimin tushe, jiha ta kawo nata rabin ta karɓa, kuma shekara da shekaru hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, na kukan cewa biliyoyin naira na kwance jihohi da dama ba su zo sun ɗauka ba. Kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE a fannin renon ƙananan yara, da yawansu suna gida ko suna makarantar kuɗi ana ba su abin da bai kai kuɗin mota ba. Filin da za a ƙara aji kuma, to ku zaga ku ga katangun makarantun cikin gari yadda shaguna suka cinye su. Mu a wurinmu gyaran makaranta shi ne fenti da sabon geti, saboda fenti yana fitowa a hoto, malama ta biyu a rabin aji ba ta fitowa.

Ni buƙatata ƙarama ce, ba ta kai kuɗin buhun siminti ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta umarci kowane sakataren ilimi na ƙananan hukumomin cikin birni a rubuta a ƙofar kowane rabin aji, da alli ma ya isa, yara nawa ne a ciki, malamai nawa, a ƙasa a rubuta 25. Duk uwar da ta kawo ɗanta da safe ta gani, duk kansilan da ya zo neman ƙuri'a ya gani. Inda aka ninka, a raba ajin biyu, wasu safe wasu rana, kafin a gama ginin da ake ta alƙawari.

Da muka fito na tambayi 'yar tawa a hanya, yau me malama ta koya muku? Ta ce ta ce mu yi shiru. Na ce sai me? Ta ce sai ta ƙara cewa mu yi shiru.