Daga Giginya Zuwa Satiru: Wa Ke Zaɓar Wanda Za A Tuna?

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa ɗalibai, Allah ya saka muku da alheri da kuka zauna cikin wannan zafi na Sakkwato.

Bari mu fara da Ingila. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatinsu ta yanke cewa ba za a dawo da gawar soja gida ba, a ƙasar da ya faɗi za a binne shi. Uwa ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Da aka ajiye makamai a 1918 sai ƙauyuka suka kafa kwamitoci, aka bi gida-gida ana karo-karo. A wajen taro kuma gardama kan kaure: wasu suna son gicciyen dutse a dandali, wasu suna cewa a gina zauren taro ko ɗakin asibiti, mai rai ya amfana. Sau tari maganar mai gonaki da limamin coci ce ke tsayawa, tunda su suka fi zuba kuɗi. Faransa ma ta yi doka a 1919 tana tallafa wa garuruwa. Abin da ya burge ni guda ne: sun sassaƙa sunaye, har na ɗan ƙwadago.

Mu kuwa tafarkinmu daban. A yaƙin Tsuntsuwa, cikin 1804, jama'ar Shehu ta rasa mutum wajen 2,000, daga ciki kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Ba wanda ya kafa dutse, kuma da wani ya kawo shawarar gunki da malamai sun kore shi. Marsiyya aka yi. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi wa abokansa da suka yi shahada waƙoƙi, Nana Asma'u ta yi wa nata mamatan, mata suka haddace suka kai ƙauyuka. Kuɗinta tawada ce da takarda, sai ƙwaƙwalwar mai rerawa.

Ran 15 ga Maris 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Molan ta yi karo da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Giginya. Mutane suka yi ta faɗuwa a gindin tuta, wannan ya faɗi wancan ya ɗauka. Attahiru ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi cikin Yuli. Yau muna da filin wasa na Giginya, muna da barikin Giginya, duk da kuɗin hukuma. Madalla. Amma cikin ɗakin nan wa zai kawo mini sunan mutum biyar daga masu riƙe tutar?

To, ku dubi Satiru, nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai wuni ba. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudo, da fartanya da gatari, suka kashe Razdan Hilari da Turawa biyu da sojojinsu. A Maris aka koma musu da bindiga mai ruwa. Aka kashe mutum wajen 2,000, aka ƙone garin, aka kwashe mata da yara, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Su kuwa wa zai yi musu karo-karo? Bature ba ya son a tuna, fada ba ta son a tuna, waɗanda suka tsira kuma bakinsu a ɗinke. Ina faɗin wannan da girmama fada, amma haka tarihi ya zo.

Sai 'yan Boma, kakanninmu da aka kwasa a Yaƙin Duniya na Biyu. Hatta hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Ingila ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, akasari 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Mu ma kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ana fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse, ba a karanta sunan ɗan Mabera ko ɗan Gidan Igwai ko ɗaya ba.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Akwai littafi a bakin ƙofa. Duk wanda kakansa ya je Boma ko yaƙin basasa bai dawo ba, ya rubuta sunansa da unguwarsu, da lambar soja in an sani. Sai tambayoyi.