Abin da tudu ya ci, gangara ba ta biya: yadda ake karanta hanyar keke a ƙasar tuddai

[Hoto: allon waya, taswirar hanya mai zagaye, an rubuta kilomita 60]

Jama'a, tambaya ɗaya ce ta yi ta dawo mana a 'yan makonnin nan: me ya sa hanyar keke mai tuddai ke cin lokaci da ƙarfi fiye da yadda aka yi tsammani? Kuma kusan kowa da irin labarin da yake zuwa da shi. Mutum ya saba yin kilomita 60 a kan keke a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, awa biyu da rabi ya gama. Sai ya samu wata hanya a karkara mai tuddai, ita ma kilomita 60, kuma zagaye ce, inda ka tashi nan za ka dawo. Sai ya ce a ransa, ai duk abin da na hau zan sauko shi, hawa da gangara sun biya juna. Ya ɗauki gorar ruwa ɗaya ya kama hanya.

Awa huɗu ke nan da fitarsa. Ga shi can a gefen hanya yana tura keke, gora ta bushe, rana ta yi ƙasa, kuma da sauran tafiya a gaba.

Lissafin nan nasa, na cewa gangara za ta maido abin da hawa ya ci, shi ne za mu tsaya a kai yau.

[Hoto: tudu guda, hawa a hagu, gangara a dama]

Ga tudu ɗaya. Hawansa kilomita 5, gangararsa kilomita 5. Ka hau shi da gudun kilomita 10 a awa, ka sauko da gudun 40. Yawancin mutane za su haɗa 10 da 40 su raba biyu, su ce matsakaicin gudu 25 ne. To mu duba agogo. Hawan ya ci minti 30 cif. Saukowar kuwa minti 7 da rabi. Ka yi kilomita 10 a minti 37 da rabi, wato gudun kilomita 16 ke nan a awa. Dalili kuwa a fili yake: ka daɗe a inda kake jan jiki, ka wuce inda kake gudu kamar ƙiftawar ido. Ko da za ka faɗo daga saman tudun nan ba tare da ɓata daƙiƙa ɗaya ba, minti 30 ɗin can ya riga ya tafi, matsakaicinka ba zai wuce 20 ba.

Ƙarfin jiki ma haka yake. A ce kai da kekenka da kayanka kun kai kilo 80. Ɗaga wannan nauyin sama mita 1,000 kaɗai yana cin kusan kalori 750, irin kalorin da ake rubutawa a jikin kwalin abinci, ban da abin da tafiyar kanta ke ci. Da ka juyo gangara, wannan ƙarfin ba ya komawa cinyoyinka. Iska ce ke cinye mafi yawansa, domin idan gudunka ya ninka biyu, turjiyar iska ninkawa take sau huɗu. Sauran kuma birki ya mayar da shi zafi. Wanda ya taɓa kai hannu kusa da farantin birki bayan doguwar gangara ya san inda ƙarfinsa ya tafi. Kada ku gwada, yana ƙuna sosai.

[Hoto: allon manhaja, an zagaye lamba ta biyu da ja]

Saboda haka idan kun buɗe hanya a Strava ko Komoot ko duk manhajar da kuke amfani da ita, ido zai fara sauka a kan kilomita. Ku matsa gefe kaɗan. Akwai wata lamba, galibi da 'yar kibiya mai kallon sama. Ita ce jimillar hawa: duk wani mita da za ka hau daga farko har ƙarshe, an tara shi wuri ɗaya, ba a cire gangara ko ɗaya ba.

Nan ma ana rikicewa, ana ɗaukar lambar a matsayin tsayin dutse mafi girma a hanyar. Abu biyu ne daban, kuma Beljiyam ce misalin da na fi so. Wuri mafi tsayi a ƙasar baki ɗaya, Signal de Botrange, mita 694 ne kacal sama da teku. Amma a yankin Ardennes na ƙasar ake yin tseren keke na Liège–Bastogne–Liège, wanda aka fara tun 1892, kilomita 250 da 'yan kai, kuma masu tseren suna hawan sama da mita 4,000 a yini ɗaya. Kusan ninki shida ke nan na wuri mafi tsayi a ƙasar. Babu wani babban dutse a wurin. Kwari ne da tudu, kwari da tudu: ka gangara zuwa rafi, ka tsallaka gada, ka hau ta cikin daji, ka ratsa gonaki a sama, ka sake gangarawa. Da kaɗan-kaɗan abin ke taruwa har ƙafa ta yi nauyi.

Ga ɗan lissafin da nake yi kafin kowace fita. Na raba jimillar hawa da yawan kilomita. Idan ya fito ƙasa da mita 5 a kowane kilomita, hanya ce mai laushi. Wajen 10, za ka ji ta a jiki. Daga 15 zuwa 20, sai ka ware mata yini. Shi wancan tseren na Beljiyam yana faɗawa wajen 16. Hanyar mutuminmu na farko kuwa, ku duba allon, mita 1,100 a kilomita 60. Ya haura 18. A kowane kilomita ta fi hanyar ƙwararrun nan hawa, kuma da gora ɗaya ya tunkare ta.

Ni dai nakan ƙara minti 30 zuwa 40 a kan kowane mita 500 na hawa, bisa lokacin da zan yi a shimfiɗe. Wannan nawa ne, ba doka ba ce. Fita biyu ko uku za ta nuna maka naka.

[Hoto: allon gefen hanya mai kusurwa uku, an rubuta 10%]

Sai wannan allon. Kashi 10 cikin 100 na nufin a kowane mita 100 da ka ci gaba, ka hau mita 10. Ba digiri 10 ba ne, bai ma kai digiri 6 ba. A takarda kamar wasa, amma a kan sirdi wani labari ne. Kashi 3 za ka hau kana hira da abokin tafiya. A kashi 6 hira ta koma kalma ɗai-ɗai. Daga 10 zuwa sama babu mai magana, sai numfashi da ƙarar sarƙa.

Abin lura shi ne manhaja matsakaici take ba ka. Ta ce hawan kilomita 2, kashi 5, wato mita 100. Amma ƙananan hanyoyin karkara ba a gyara musu ƙasa kamar manyan tituna ba, yadda tudu ya zo haka suke binsa. Sai ka tarar kilomita ɗaya da rabi na farko sun hau mita 40 kawai, mita 500 na ƙarshe kuma sun kwashe 60 ɗin da suka rage. Kashi 12 ke nan, kuma a lokacin da ka riga ka gaji.

[Hoto: mahayi a bayan wata 'yar gada, hanya ta miƙe sama]

Ku kalli wannan bawan Allah. Ya sauko da gudunsa, sarƙa tana kan babban faranti, wato giya mai tauri, ya tsallaka gada, ya sha kwana, sai ga hanya ta tashi tsaye a gabansa. Ya miƙe a kan feda, kafaɗu na rawa, yana neman sauya giya alhali duk nauyinsa na kan sarƙa. Kun ji wannan ƙarar? Sarƙa ce ke kuka. Da ya san abin da ke bayan gadar, tun kafin ya hau ta zai sauke giya.

Tudun Mur de Huy, shi ma a Beljiyam, inda ake ƙare tseren Flèche Wallonne, kilomita 1.3 ne kawai, matsakaicinsa bai kai kashi 10 ba, amma a cikin kwanarsa ya haura 20. Ku kwatanta da hawan dutsen Alpe d'Huez a Faransa: kilomita 13.8, lanƙwasa 21, matsakaici kashi 8.1. Wannan dogo ne, amma kana iya samun takunka ka zauna a kai har sama. Ƙasar tuddai ba ta barin ka ka zauna a taku ɗaya, shi ya sa a ganina ta fi yaudarar sabon shiga fiye da manyan duwatsu. Dutse kowa na jin tsoronsa ya shirya masa, tudu kuwa raina shi ake yi.

Don haka a buɗe zanen hawa da sauka na hanyar, a faɗaɗa shi da yatsu biyu, a bi shi tudu bayan tudu. Inda launi ya yi ja ko ya yi duhu, nan ne aikin yake. Idan manhajoji biyu suka ba ku jimilla daban-daban, kada ku damu, kowace da yadda take auna tsayi. Ku yi shiri da wadda ta fi yawa.

[Hoto: hannu na juya feda, ana nuna farantan giya]

Sauran a gurguje. Giya: ƙaramin faranti mai haƙora 34 a gaba da mai 34 a baya, feda ta juya sau ɗaya taya ta juya sau ɗaya, wajen mita 2.1. Juyi 70 a minti zai ba ka kusan kilomita 9 a awa, gwiwa na cikin kwanciyar hankali. Da tsohon haɗin 39 da 25, a wannan gudun juyi 45 za ka yi, kowane ɗaya kamar kana ɗaga buhu. Babu abin kunya a giya mai laushi, ƙwararru ma suna sa ta idan hawa ya yi tsanani.

Gangara: ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Birki biyu tare, kana matsawa kana saki. Hular kwano a ɗaure. A karkara bayan kwana za ka iya cin karo da tarakta, ko dabbobi, ko tsakuwar da ruwa ya zubo kan kwalta.

Ruwa da abin ci: ƙauyuka na da nisa da juna, kada ka dogara da cewa za ka samu a hanya. Ka sauke taswira a waya, domin a cikin kwari sabis na ɗaukewa. Tiyub na ajiya, famfo, fitila gaba da baya.

[Hoto: taswirar farko, kibiyar hanya ta juya baya]

Mu koma hanyar mutuminmu. Tunda zagaye ce, ko ta dama ya bi ko ta hagu, mita 1,100 ɗin na nan yadda suke. Amma ku ga abin da ya faru da muka juya ta. Wani tudu mai kashi 12 da ya same shi a kilomita na 48, yanzu ya zama gangara a kilomita na 12, kuma ta ɗaya gefen hawan ya fi tsawo amma bai wuce kashi 5 ba. Ga kuma wata 'yar hanya a nan da ke ratsa tsakiyar zagayen, ta yanke kilomita 20 idan ƙafa ta ƙi. Ku sa mata alama tun kafin ku fita.