27,720: Lambar da Ba Ta Barin Ragowa

Assalamu alaikum jama'a. A ce an sauke buhun taki 27,720 a Birnin Kebbi, za a raba wa ƙananan hukumomi 21 na jihar. Kowace za ta kwashi 1,320, ba buhu ko ɗaya da zai rage a ƙasa. In masarautu huɗu ne za su raba, wato Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, kowace 6,930. A kai shi Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, nan ma cif, kowace 1,980.

Wannan ba dace ba ne. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 har 12 ke rabawa ba ragowa.

To, me ke cikinta? Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11, kuma da su ake gina sauran lambobi duka. Ga ginin tamu: 2 sau 2 sau 2, sau 3 sau 3, sau 5, sau 7, sau 11. Ku ga inda 21 ta ɓoye, ai 3 sau 7 ce. Ita ma 14, 2 sau 7. Duk lambar da za ka iya haɗawa da waɗannan guda takwas, to za ta raba 27,720.

Da ido ma kana iya gwadawa. Ta ƙare da sifili, kenan cika ce ba mara ba, kuma 5 da 10 sun shiga. Tara alƙalumanta, 2 da 7 da 7 da 2, ka sami 18, wadda 9 ke rabawa, don haka 9 ta shiga.

Lambobi 96 ne ke raba ta, kuma duk cikin waɗanda ke ƙasa da ita babu mai wannan yawan. Masanin lissafin nan na Indiya, Ramanujan, ya yi dogon nazari kan irin waɗannan lambobi a 1915. Abin da ya fi burge ni shi ne 30,000, da ta girme ta kuma ta fi daɗin faɗa, masu raba ta 50 ne kacal. Raba wa ƙananan hukumomin Kebbi buhu 30,000, sai 12 sun rage, daga nan kuma gardama ta tashi. Ba za a sami wadda ta zarce 27,720 a yawan masu raba ta ba sai an kai 45,360, mai 100.

Masana na kuma sa ta cikin lambobi masu yalwa, domin in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, za ka sami 84,600, fiye da ninkinta uku.

Amma 13 ta gagare ta, 4 ke ragewa. Mai son 13 ma ta shiga sai ya haura zuwa 360,360.