Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona a Ziyararsa Ɗakin Gwajin Ragowar Magungunan Feshi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Babban Sakatare da daraktocin ma'aikata da suka rufa masa baya. Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Shugabannin ƙungiyoyin manoma, dillalan magungunan feshi, malaman gona, 'yan jarida, iyayenmu mata da sauran mahalarta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin ma'aikatan wannan ɗakin gwaji muna yi maka lale marhabin, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san ayyukan da ke gabanka a irin wannan lokaci na kaka, don haka ba za mu cinye maka rana da kirari ba. Kafin mu zagaya da kai ka ga na'urori, muna so ka san abin da suke aunawa da dalilin aunawar, domin lambobin da za ka gani a allon kwamfuta su yi maka magana.

Ranka ya daɗe, maganin ciyawa ya riga ya maye gurbin fartanya a gonaki masu yawa, kuma ba mu zo mu ce a koma noman hannu ba. Kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Abin da ya shafe mu shi ne ragowar maganin da ke saura a ƙwayar masara, wake, waken suya, shinkafa da riɗi bayan an girbe. Ana auna ta da miligiram a cikin kilo ɗaya na amfanin gona, kuma kowane magani yana da iyakarsa a kan kowane amfani. Hukumar Kodeks, wadda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ita ke fitar da iyakokin da kasuwar duniya ke bi. A wajenta maganin ciyawar nan gilaifoset ba zai wuce miligiram 5 a kilon masara ba, a busasshen waken suya kuwa miligiram 20.

A nan ne mutane da dama ke yin tuntuɓe. Suna ɗaukar wannan iyaka a matsayin layin guba, wai wanda ya ci abin da ya haura ta sai asibiti. Ba haka aka samo ta ba. Ana shuka amfanin a gonakin gwaji da yawa, a fesa maganin daidai yadda takardar jikin jarka ta ce, a jira kwanakin da aka ƙayyade kafin girbi, sannan a auna abin da ya saura. Daga waɗannan awo-awon ake yanke iyaka. Saboda haka idan buhu ya haura ta, abin da ya fara gaya mana shi ne an saɓa ƙa'idar feshi a gonar da ya fito. Ko zai cutar da mai ci, wannan wani lissafi ne daban, kuma daga jikin dabbobi ake samo shi.

Ga yadda ake yi. Ana raba ɓeraye gida huɗu. Gida ɗaya ba a ba shi komai sai abincinsa, ukun kuma ana cuɗa musu maganin a abinci, kaɗan, matsakaici, da mai yawa. Akwai gwajin kwana 90, akwai na shekara 2, wanda kusan tsawon rayuwar ɓera ke nan, kuma a cikinsa kowane gida yakan ƙunshi aƙalla maza 50 da mata 50. Ana auna nauyinsu, a duba jini da fitsari, daga ƙarshe a feɗe su a duba hanta, ƙoda, huhu da sauran gaɓoɓi a ƙarƙashin madubin likita. Ana ba zomaye masu ciki don a ga ko 'ya'yan za su fito da nakasa. Ana bin ɓeraye har zuriya ta biyu don a ga ko haihuwa ta taɓu. Ana gwada karnuka. Abin da ake nema cikin wannan wahala duka shi ne adadi mafi yawa da dabba ta ci ba tare da an ga wata illa ba. Idan an same shi sai a raba shi gida 100: goma saboda mutum ba ɓera ba ne, a sake rabawa goma saboda mutane ma ba ɗaya suke ba, akwai jariri, akwai mai ciki, akwai tsoho mai ciwon ƙoda. Abin da ya fito shi ne adadin da mutum zai iya ci kullum har ƙarshen rayuwarsa, gwargwadon nauyin jikinsa.

Bari mu ɗora shi a kan magunguna biyu da kowane dillali a wannan zaure ya sani. A gilaifoset, kwamitin ƙwararru na Hukumar Abinci da Hukumar Lafiya ya dogara da gwajin ɓera na dogon lokaci, inda miligiram 100 a kowane kilon jiki bai nuna illa ba, fiye da haka kuma aka fara ganin canji a gaɓoɓin da ke samar da yawu. Ya raba ɗari, ya samu miligiram 1. A 2015 Tarayyar Turai ta dogara da zomaye masu ciki, ta samu 50, ta tsaya a 0.5. Magani ɗaya, lamba biyu, domin kowa da dabbar da ya fi ba wa nauyi. Magidanci mai kilo 60 zai iya ɗaukar miligiram 60 a rana a lissafin farko. In ya ci tuwon rabin kilon masarar da ke kan iyaka cif, miligiram 2.5 kawai ya shiga cikinsa. Tazarar tana da faɗi.

Farakwat kuwa wani abu ne. Huhu yake bi. Jiki yana janyo shi ya tara a can, ya ƙone naman huhun, wurin ya zama tabo, numfashi ya gagara, kuma har yau ba shi da makari. A gwajin karnuka na shekara ɗaya, abin da bai taɓa huhu ba bai wuce miligiram 0.45 a kowane kilon jiki ba, shi ya sa adadinsa na kullum ya tsaya a 0.005. Magidancin nan mai kilo 60, rabonsa miligiram 0.3 ne. Yaro mai kilo 15, miligiram 0.075. Wato ninki 200 ke tsakanin magungunan biyu, alhali a kanta ɗaya ake jera su, da injin feshi ɗaya ake fesa su, manomi kuma duk maganin ciyawa yake ce musu. Turai ta daina amfani da farakwat tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da janye shi da atirazin, wani maganin ciyawar, daga kasuwar Najeriya. Sanarwa daban, ƙarewar abin da ke ɗakunan ajiya da wanda ke ratsowa ta kan iyaka daban.

Ba za mu ɓoye maka ba, fassara gwajin dabba aiki ne da ake gardama a kansa. Atirazin ya haifar da ƙarin mama a matan wani jinsin ɓera da ake kira Sprague-Dawley, amma bai yi haka a jinsin Fischer 344 ba, kuma masu bincike sun danganta abin da yadda tsarin haihuwar jinsin farko ke tsufa, wanda ya saɓa da na 'yan Adam. Abin da ya fitar da shi daga Turai ma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, domin yana tsiyaya ya kai rijiya. Kare yana jinkirin fitar da maganin ciyawa na 2,4-D ta fitsari, don haka yakan nuna illa da wuri fiye da ɓera. A Maris 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji, a 2016 kuma kwamitin ƙwararrun nan ya ce da wuya hakan ta faru ta hanyar abinci. Tambaya biyu suka amsa: na farko ko abin zai iya, na biyu ko adadin da ke cikin tuwo ya kai. Turai ta sabunta izininsa a 2023 na shekara 10. A namu ganin, wanda ya fi cancanta a ji wa tsoro shi ne yaron da ke goye da injin feshi daga hantsi zuwa azahar, ba takalmi, ba safar hannu, maganin na ɗiga a bayansa.

To me ke sa ragowa ta haura? Maganin da aka fesa kafin shuka ko kafin tsiro ba kasafai yake kaiwa ƙwaya da yawa ba, watanni sun shiga tsakani. Ɓarnar tana zuwa ne daga feshin dab da girbi, inda ake watsa farakwat ko gilaifoset a kan wake ko waken suya don ganye ya bushe da wuri a samu kasuwar farko. Gilaifoset yana bin jijiyar shuka har cikin ƙwaya, wanki ba ya fitar da shi. Harawar kuma tumaki da shanu ke ci.

Sai awo. Idan takarda ta ce lita 4 a hekta cikin ruwa lita 200, injin lita 20 zai yi cikawa 10, kowace cikawa mililita 400. Mai injin lita 16 kuwa mililita 320 ne nasa. Amma da gwangwanin madara ake awo, mai ƙaramin inji ya kwaikwayi mai babba, bakin feshin da ya cinye yana zubar da ruwa fiye da ƙima, mai feshin ya gaji ya rage sauri. Akwai kuma ruwan kududdufi. Laka tana kama gilaifoset da farakwat ta kashe musu ƙarfi, ciyawa ta ƙi mutuwa, manomi ya ce an sayar masa da jabu, gobe ya ninka. Da ya bar ruwan ya kwanta ya tace da ƙyalle, da rabin abin da ya zuba ya ishe shi. Jarkar da ta ƙare kuma, maimakon a ɗauraye ta sau uku a cikin injin a huda gindinta, sai ka gan ta da man gyaɗa ko kunu.

Abin da wannan ke jawowa a kasuwa mun riga mun ɗanɗana. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar daikulobos. Maganin ƙwari ne na ajiya, ba na ciyawa ba, amma dokar ɗaya ce: duk maganin da ba su ba shi iyaka ta musamman ba, miligiram 0.01 a kilo suke karɓa. Ɗan kasuwar Dawanau da ya tara riɗi daga gonaki ɗari, gona ɗaya tana iya ɓata masa kwantena.

Yanzu ga abin da za ka gani a ciki. Samfur yana farawa daga tsiko: a caka buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa, a cuɗa, a ɗebi aƙalla kilo 1. Wanda ya ɗebo daga bakin buhu ɗaya ya ɓata aikin tun kafin ya iso nan. Ana niƙawa, a auna giram 5 na garin, a jiƙa da ruwa mililita 10, a zuba sinadarin asitonaitiril mai janyo maganin daga garin mililita 10, a ƙara gishirin da ke raba ruwa da shi, a girgiza, a juya a injin tacewa, a kai ga na'urar LC-MS/MS mai gano maganin da auna yawansa. Wannan hanya, QuEChERS, tun 2003 ake amfani da ita, tana kamo ɗaruruwan magunguna a zubi ɗaya, har da atirazin. Sai dai ba ta kamo gilaifoset da farakwat, domin su a ruwa suke zama. Suna bukatar tasu hanyar da sinadarin mitanol mai tsami, da kwalaben roba, saboda suna manne wa gilashi. Don haka takardar sakamako tana iya cewa ba a ga komai ba, alhali magunguna biyun da aka fi fesawa ba a ma neme su ba. Muna roƙon duk jami'in da aka miƙa wa irin wannan takarda ya fara duba jerin abin da aka nema. A kowane zubi kuma ana zuba sanannen adadi a tsabtataccen samfur, in abin da ya dawo bai faɗa tsakanin kashi 70 zuwa 120 cikin ɗari ba, a zubar a sake.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, uku ne. Wuta wadda ba ta yankewa, domin na'urar in ta mutu ba shiri sai ta ɗauki sa'o'i kafin ta daidaita, samfura kuma a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ake ajiye su. Kasafi na shekara-shekara don sayen magungunan ma'auni da ake kwatanta sakamako da su, saboda suna da ranar lalacewa, kuma ba a samun shaidar ingancin ɗakin gwaji ta ISO 17025 da masu saye a waje ke nema sai da su. Na uku, a ba malaman gona kofin awo mai lamba da sabbin bakunan feshi su raba a ƙauyuka kafin damina, tare da umarni a fili cewa ba a busar da wake da farakwat.

Mun tanadi fararen riguna da safar hannu a bakin ƙofa, za mu fara daga ɗakin karɓar samfur. Muna sake yi maka barka da zuwa, kai da tawagarka. Allah ya taimaki Kwamishina, ya mai da kowa gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.