Motata na rawar ɗari a zafin Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Garwa nake magana da ku, arewacin Kamaru, cikin wani gareji a unguwar Yelwa. Ku yi haƙuri da ƙarar guduma, wani ne ke gyaran ƙofar tasi a bayana.

Bari in juya kamara ku ga sitiyari. Kun ga yadda yake karkarwa? Corolla ce ta 2005, kwana huɗu ke nan tana min haka. In ina gudu sai ka rantse lafiyarta lau, amma da na tsaya a danja sai ta kama rawar ɗari, allurar juyin inji da ya kamata ta zauna wajen 700 ta riƙa sauka tana hawa. Jiya a kan gadar Binuwai na taka mai, ta yi tari sau biyu, fitilar inji ta fara ƙyaftawa. Mu a Kano cewa muke mota na misin, silo ya lalace. A nan kuwa sai da na koyi bakin gareji: silo shi ne ralanti, fulogi buji, koyil mai ba fulogi wuta kuma bobin. Ranar farko na ce a duba min fulogi, yaron shago ya tsaya yana kallona.

Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: "Zuwa-zuwa ka sha." Wato man nan na kwalba da jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya, ana sayarwa a bakin titi. Ba na musu, na sha, kuma akan samu mai ruwa ko datti a ciki. Wani maƙwabcina har ya ce in zubar da tanki in sayi famfon mai sabo. Na kusa biye masa.

Baba mai garejin nan ne ya tare ni. Bahaushe ne haifaffen Garwa, Fulatanci da Faransanci duk a bakinsa. Ya kasa kunne jim kaɗan, ya ɗora tafin hannu a bakin salansa, ya ce, "Ɗana, in mai ne, duka silinda huɗun za su yi ciwo. Wannan ɗaya ce ke ɗingishi." Ya sa yaro ya jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari. Ga abin da ta nuna, ku duba: P0303. Lambar ƙarshe ita ce silinda, wato ta uku ce ba ta ƙona mai daidai. Da P0300 ta fito, misin ɗin na yawo ne ba wuri ɗaya ba, a nan ne za a zargi mai, ko iska da ke satar shiga ta tsagaggen tiyo.

To ga inda abin ya burge ni. Na'ura ta faɗi ɗakin da ɓarawo yake, ba ta faɗi sunansa ba. Zai iya zama fulogi, ko koyil, ko nozul mai fesa mai, ko kuma, Allah ya kiyaye, matsin silinda ne ya zube. Injin nan kowace silinda da koyil ɗinta a kan fulogi. Baba ya ɗauki sifana mai lamba 10, ya kwance ta uku da ta ɗaya, ya musanya musu wuri, ya goge lambar, muka zaga har filin wasa na Rumde Aja muka dawo. Aka sake jonawa: P0301. Ciwon ya bi koyil ya koma gida na ɗaya. Ko sefa biyar ba mu kashe ba, mun kama mai laifi.

Ni har na sa hannu a aljihu. Baba ya ce, "Tsaya tukuna, me ya kashe ta?" Bari in haska muku ramin fulogi na uku. Kun ga baƙin man nan da ya kwanta? Gasket ɗin murfin inji ne ya bushe, zafin garin nan da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu ba ya barin roba. Man ya jiƙa robar koyil har ta kumbura, wuta na tsallakewa gefe maimakon ta isa fulogi. Da sabuwa na ɗora a haka, da ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Ya kuma yi min faɗa kan fitilar da ke ƙyaftawa. Ɗanyen man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa, ya dafa abin tace hayaƙin nan da 'yan gida Najeriya ke kira indomi, shi kuwa kuɗinsa ya ninka na koyil nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce ai yanzu na sani.

An sa gasket, an sa koyil, fulogi huɗu sababbi, an kuma wanke maƙogwaron iska da ƙurar hunturu ta toshe. Yaro, tayar mana. Ga kofin shayin Baba na ɗora a kan inji, ku kalli ruwan, ko motsi. Gobe Lahadi, kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa ke ci, da motar za mu je, kuma a gidan mai zan tsaya tukuna.