Baba Fasto Zai Tafi Filin Bishara

Ladi: Jama'a barkanmu da warhaka daga nan Sabon Tasha a Kaduna. Ni ce Ladi, ga Yakubu, yau kuma Mama Saratu ta zumuntar mata ce ta zo ta taya mu hira. Mama sannu da zuwa, ya gida?

Mama Saratu: Lafiya lau ɗiyata, sai godiya. Sai dai zuciya ce ba ta kwanta ba tun Lahadi.

Ladi: Zancenmu ke nan na yau. Bayan baiko sakataren ikkilisiya ya miƙe ya sanar cewa Baba Fasto zai bar mu ƙarshen wata, zai koma aikin bishara a ƙauye. Majami'a ta yi tsit. Ni kaina waƙar rufe sujada ta gagare ni.

Yakubu: Da farko na ɗauka canjin wurin aiki ne irin wanda aka saba. Ashe shi da kansa ya nema. A ɗarikarmu ta ECWA akwai EMS, reshen aika masu bishara da ke aiki tun 1948, kuma da gudummawar ikkilisiyoyi irin tamu ake riƙe su. Kullum muna ba da kuɗinmu da farin ciki. Yau da abin ya zo kan mutum namu, sai ya yi mana nauyi.

Mama Saratu: Dole ya yi nauyi, ɗana. Ranar da maigidana ya rasu, da tsakar dare bawan Allahn nan ya zo asibiti a kan babur. Shi ya yi jana'izar, shi ya yi wa 'ya'yana biyu baftisma, shi ya ɗaura auren babbar. Wanda ya san kukanka, rabuwa da shi ba ƙaramin abu ba ne. Ko dattawan Afisa, da manzo Bulus ya yi musu bankwana, ai sai da suka rungume shi suna kuka.

Yakubu: Kuma Kaduna ta saba ba da nata. Fada Matthew Kukah a nan yake aiki kafin a naɗa shi bishop na Sakkwato a 2011. Bishop Josiah Idowu-Fearon na Angilika ya bar Kaduna a 2015 ya tafi Landan, ya zama babban sakataren ɗarikar ta duniya baki ɗaya.

Ladi: Waɗannan gaba suka yi, Yakubu, kowa ya taya su murna. Namu kuwa zai bar gida mai wuta da famfo ya tafi inda ko kwalta babu. Har na ji wasu suna raɗa wai ko laifi ya yi.

Yakubu: Wannan raɗar ta ƙona mini rai. Mutum ya amsa kira, a ce horo ne? Ni Mama Fasto ma nake tunani. Yara uku, za a cire su daga makaranta a tsakiyar zango, ita kuma ta bar ɗan shagon ɗinkinta. A liyafar bankwana shi za a yi ta yabo, ita ke ɗaure kaya.

Mama Saratu: Zumunta ba za ta bar ta haka ba. Amma bari in faɗa muku abin da ya fi damuna, don ni na taɓa aikata shi. Lokacin da wannan Baba Faston ya zo, wanda muke kuka a kansa yau, shekara guda cur ban sake da shi ba. In ya yi wa'azi, in ce na da ya fi shi zurfi. In matsala ta taso a gidana, sai in buga wa tsohon waya, alhali ga sabon nan taku kaɗan daga ƙofata. Wata rana na same shi shi kaɗai a majami'a da yamma, ya sunkuyar da kai. Da na gaishe shi sai ya ce in riƙa sa shi a addu'a, har yanzu baƙo ne shi a cikinmu. Na koma gida na kasa cin abinci.

Ladi: Kai, Mama.

Mama Saratu: Gaskiya ce. Kuma ga shi za mu maimaita. Tun ba a san wanda zai zo ba, an fara cewa ba za a samu kamar wannan ba.

Yakubu: To Mama, in an daina kiran tsohon, ba a yanke zumunci ba?

Mama Saratu: A kira shi mana, a gaishe shi, a aika masa da masara da kuɗin man babur, can zai fi bukata. Amma sunan jariri, sulhun miji da mata, addu'ar mara lafiya, a kai wa makiyayin da ke gida.

Ladi: Mu matasa mun ɗauki fentin gidan fasto ranar Asabar. Yakubu, kai ne da tsani.

Yakubu: Ƙarfe bakwai ina can.

Mama Saratu: Tuwon daren farko kuma, ranar da sabon ya sauka da iyalinsa, ku bar mini. Ni zan tuƙa, ni zan kai da hannuna.